Furojet ɗin Adabin Ingilishi a Aji Huɗu: Yadda Ya Gudana Daga Zaɓen Batu Har Sa Hannu

A mako na uku na zangon farko aka liƙa takarda a allon sanarwa na sashe, an rarraba mu 'yan aji huɗu ga malaman da za su duba mana furojet. Kowane malami ya tashi da ɗalibai takwas zuwa goma sha biyu. Ɗalibi ba ya zaɓar mai duba shi, kuma neman canji ɓata lokaci ne sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A wurinmu kwas ɗin yunit shida ne, wato nauyin ƙananan kwasa-kwasai uku, don haka makinsa kaɗai na iya ɗaga mutum ko ya sauko da shi a ajin digirinsa. Ƙa'idoji kan bambanta daga sashe zuwa sashe, har daga shekara zuwa shekara, saboda haka duk wani adadi da na ambata a nan a tabbatar da shi wajen malamin da ke kula da harkar furojet kafin a yi aiki da shi.

Zaman farko da Malama bai wuce minti ashirin ba. Ta tara mu gaba ɗaya a ofishinta, ta ce kowa ya dawo bayan mako guda da batutuwa uku a buge a shafi ɗaya, kowanne da sunayen littattafan da zai nazarta. Batuna na farko shi ne matsayin mata a adabin Afirka. Ta ja masa layi, ta ce wannan aikin rayuwar farfesa ne, ba na wata bakwai ba. Na biyu a kan Things Fall Apart na Chinua Achebe ne. Ta tambaye ni ko na san littafin tun 1958 yake hannun manazarta, ta ce in leƙa kantar tsofaffin kundaye in ƙirga nawa aka yi a kansa, idan har ina da abin da ba a faɗa ba sai in dawo. Na ukun shi ne kwatanta The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984, da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim na 2015. Nan ma ba ta amince kai tsaye ba. Ta ce, "Kwatantawa ba batu ba ne. Me ka gani a cikinsu da ya tsaya maka a rai?" Na ce, "Ranki ya daɗe, yadda Hajiya Binta ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce Yaro." Ta ce to ga batunka nan, kunya, je ka duba ko tana aiki a ɗaya littafin ma.

Daga wannan zama na fahimci abin da ake nufi da batu a fagen adabi. Dole ya ƙunshi tambaya guda da za a iya amsawa daga cikin matani, da littafi ɗaya ko biyu, uku idan an matsa, da ra'in da za a ɗora nazarin a kai. Wanda ya zaɓi waƙa yana iya ɗaukar diwani ɗaya ko waƙoƙi goma zuwa sha biyar, mai wasan kwaikwayo kuma wasanni biyu sun ishe shi. Bayan Malama ta sa hannu a kan batun, na karɓi fom a ofishin mai kula da furojet, na cike suna da lambar rajista da batu da littattafai, aka duba babban littafin rajista don tabbatar da cewa wani bai riga ni ba a shekarun baya-bayan nan. Sai da muka jira mako biyu kafin jerin batutuwan da aka amince da su ya fito. Mutum biyu a rukuninmu an dawo musu da nasu saboda sun yi karo da na wasu.

Waɗannan makonni biyu na jira su ne lokacin karanta littattafan, kuma a nan na tafka kuskuren da ya fi ci mini lokaci. Na fara da kwafin wani abokin karatu, bugun Parrésia na 2015, na fitar da wurare kusan arba'in da lambobin shafinsu. Da mai littafi ya karɓi abinsa, sai na sa aka aiko mini da nawa daga Abuja ta mota, na je tasha na karɓa, ashe bugun Cassava Republic ne na 2016. Labari ɗaya, shafuka daban. Kwana huɗu na yi ina bin jimla-jimla ina neman inda kowacce ta koma. Saboda haka tun ranar farko a mallaki kwafi na kai, a tsaya a kan bugu ɗaya, a rubuta sunan maɗaba'a da shekara a shafin farko na littafin ajiye bayanai. Kwafin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa ba shi da lambar shafi ko kaɗan, wani ma an yanke masa babi, kuma ba a kafa hujja da shi a kundi.

Karatun kansa sau uku ne. Na farko a karanta kamar mai jin daɗin labari, ba biro a hannu. Na biyu a sayi littafin rubutu mai kauri, a raba kowane shafi gida huɗu: lambar shafi, maganar kamar yadda take harafi da harafi, wa ya faɗa kuma ga wa, sai abin da kai ka gani a ciki. Gida na huɗun nan shi ne jarin furojet gaba ɗaya, domin daga shi babi na uku da na huɗu za su fito. Karatu na uku sai bayan an zaɓi ra'i, lokacin ido ya san abin da yake nema.

Babi na ɗaya a wurinmu shi ne kuma matsayin shimfiɗar da ake amincewa da ita kafin a ci gaba. Shafi shida zuwa takwas ne, ya ƙunshi gabatarwa, matsalar bincike, manufa da maƙasudai, farfajiyar bincike, muhimmancinsa, hanyar gudanar da shi, sai ra'i. Sau biyu aka dawo mini da shi, duka a kan matsalar bincike. Abin da na rubuta da farko shi ne mata a Arewa suna fuskantar auren dole da hana karatu. Malama ta rubuta a gefe da jan biro cewa wannan matsalar al'umma ce, ita kuwa matsalar nazari take nema. Bambancin shi ne, matsalar nazari tana fitowa daga abin da manazarta suka faɗa da abin da suka bari. Da na gyara sai ta koma kamar haka: an yi rubutu da yawa a kan danniyar maza a littattafan nan, amma ba a tsaya a kan kunya ba a matsayin abin da ke ɗaure bakin mace, kuma a wasu lokuta ya zame mata garkuwa. Maƙasudai uku sun isa, kuma kowanne ya zama yana da babin da zai amsa shi. A hanyar bincike kada a kwaso tsarin 'yan kimiyyar zamantakewa, a shiga maganar raba takardun tambayoyi da yawan mutanen da aka zaɓa. Namu nazarin matani ne. Littattafan su ne tushe na farko, rubuce-rubucen manazarta tushe na biyu, sakin layi ɗaya ya wadatar.

Ra'i ne wurin da ɗalibai suka fi cika shafi ba tare da sun ce komai ba, ni ma na yi. Na rubuta shafi biyar na tarihin fafutikar mata, na faro daga Mary Wollstonecraft a 1792, na biyo ta kan Simone de Beauvoir a 1949. Tambaya ɗaya Malama ta yi: "Wanne daga ciki za ka yi aiki da shi?" Ra'in mata gida ne mai ɗakuna da yawa. Akwai wanda Alice Walker ta fito da shi a 1983, wanda Chikwenye Okonjo Ogunyemi ta yi nata bayanin a kansa ta fuskar adabin baƙar fata a 1985. Akwai na Molara Ogundipe-Leslie na 1994 da ke magana a kan sauya al'umma tare da mata a Afirka. Akwai kuma na Obioma Nnaemeka, wanda ta bayyana a mujallar Signs a 2004, mai cewa matan Afirka sukan cim ma buƙata ta hanyar sasanci da ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, su san inda za su tunkari abu da inda za su kewaye shi. Shi na ɗauka, saboda ƙarshen The Stillborn, inda Li, bayan ta yi karatu ta tsaya da ƙafarta, ta yanke shawarar komawa wajen mijinta Habu da haɗari ya naƙasa. Manazarta sun daɗe suna sa-in-sa a kan wannan komawa, kuma ra'in sasanci yana da abin cewa a kai. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in fitar da ginshiƙai uku kacal daga ra'in, in bayyana su a shafi biyu, sannan in tabbatar kowanne ya sake bayyana a babin nazari. Ra'in da aka jibge a babi na ɗaya aka bar shi yana barci, shi masu jarrabawa suke fara tasowa.

Babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, ya ci mini mako biyar. A babban laburaren jami'a da ke Samaru wurare biyu ne suka fi amfani: sashen mujallu, da ɗakin kwamfutoci inda ake shiga JSTOR. Mujallun da suka fi ba ni abin da nake nema su ne Research in African Literatures da African Literature Today. A waje kuma akwai African Journals Online da Google Scholar, sannan JSTOR na barin mai rajistar kansa ya karanta wasu maƙalu kyauta kowane wata ko da ba ya cikin makaranta. Tsofaffin kundaye a laburaren sashe ake karanta su, ba a fita da su. A duba su don ganin tsari, amma kada a jingina da hujjojinsu, domin ɗalibai ne irinka suka rubuta, kuma kuskure yakan bi kundi zuwa kundi kamar gado. Na tara ayyuka goma sha takwas, goma sha ɗaya daga ciki maƙalun mujallu. Littafin Alkali, da yake ya daɗe, yana da nazari mai yawa. Na Abubakar Adam, duk da ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, maƙalun da na samu a kansa ba su kai na wancan ba, sai na cike da sharhin jaridu da hirarrakin da aka yi da marubucin, waɗanda Malama ta yarda da su matuƙar ba su rinjayi sauran ba. Wikipedia da shafukan da ke taƙaita wa ɗalibai labari ba a karɓarsu.

Abu biyu game da wannan babi. Na farko, duk maƙalar da ka taɓa, rubuta cikakken bayaninta nan take: marubuci, take, mujalla, kundi, fitowa, shekara, shafin farko da na ƙarshe. Na yi sakaci da ɗaya, na kwafi magana mai kyau ban rubuta lambar fitowa ba, ƙarshe sai cire ta na yi dungurungum. Na biyu, bita ba jerin gwano ba ce, wane ya ce, wance ta ce. Ana tsara ta ne bisa mahawara. Na haɗa waɗanda ke ganin komawar Li ja da baya ne a wuri ɗaya, waɗanda ke ganin zaɓi ne na mai 'yanci a wani wurin, na faɗi inda kowane ɓangare ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni. Sakin layi na ƙarshe ya nuna giɓin da aikina zai cike, kuma dole ya yi daidai da matsalar da aka faɗa a babi na ɗaya.

Jira wani ɓangare ne na aikin, gara a sa shi cikin lissafi. Babi yakan yi mako biyu zuwa uku a hannun mai dubawa, lokacin jarrabawa da makin takardu kuwa ya fi haka, tunda ba kai kaɗai gare ta ba, ga kuma 'yan digiri na biyu da na uku. Ana miƙa babi a buge, a cikin fayil, da suna da lambar rajista da lambar waya da kwanan wata a bango. Idan za a mayar da gyara, a haɗa da tsohon kwafin mai jan biro, domin da shi za ta duba ko an yi abin da ta ce. Na taɓa zuwa ba shi, aka ce in koma in ɗauko, ranar ta tafi a banza. Saƙon tes da rana, da sallama da cikakken suna, ya fi kiran waya. Kuma ranar da ka miƙa babi ɗaya, washegari ka fara na gaba. Waɗanda suka zauna jiran a dawo musu da babi na biyu kafin su taɓa na uku, su ne suka kwana a shagon buga takardu a makon ƙarshe.

Babi na uku da na huɗu su ne furojet ɗin, sauran duk rakiya ne. Na ba kowane littafi babi guda. Rubutuna na farko na babi na uku shafi goma sha huɗu ne, aka dawo da shi an ja dogon layi a gefen shafi tara, an rubuta cewa wannan ba da labari ne. Gaskiya ce kuwa. Na bi Li tun daga gidan mahaifinta a ƙauye, aurenta, zaman jiran Habu, tafiya birni, har dawowa, kamar mai ba ƙanensa labarin fim. Malaman da za su karanta sun san labarin fiye da kai. Taƙaitawa kada ta wuce shafi ɗaya. Abin da ake biya da maki shi ne sakin layin da aka gina haka: ka faɗi iƙirarinka a jimla ɗaya, ka kawo maganar littafin da lambar shafi, ka tsaya a kan kalmomin ka nuna abin da suke yi, sannan ka ɗaura shi da ra'i. Misali, maimakon in ce Binta tana kiran ɗanta Yaro saboda al'ada, sai na yi iƙirarin cewa hana ta furta sunan ya bar mata ƙaunar da ba ta samu mafita ba har yaron ya mutu, na kawo wuraren da marubucin ya haɗa tunaninta game da Yaro da ganin Reza, na nuna yadda siffofin ɗayan ke shiga na ɗayan a idonta, sannan na tambaya ko wannan sasanci ne da al'ada ko kuwa tawaye ne a ɓoye. Kowane layi ɗaya da aka ɗauko daga littafi, a bi shi da layi biyu ko uku na kai. Maganar da aka ɗauko aka bari ba sharhi, tamkar kaya ne aka sauke a ƙofar gida ba a ce na wane ne ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke cin maki a waɗannan babuka. Ana ba da abin da ya faru a littafi da lokaci mai ci na Ingilishi, ba shuɗaɗɗe ba. Marubuci daban, mai ba da labari daban, tauraro daban, don haka kada a ce Alkali ta ce alhali Awa ce ta faɗa. Sannan ga jarabar wa'azi. Labarin bazawara 'yar shekara hamsin da biyar da saurayi mai sayar da wiwi yana sa ɗalibin da ya tashi a Zariya ya ji dole ya yi tir, na kuma yi sakin layi biyu ina yi. An soke su. Ra'ayinka game da halin Binta naka ne, kundin kuwa tambayarsa ita ce yaya marubucin ya gina ta, kuma don me. A ɗaya gefen, zama Bahaushe riba ce a irin wannan batu, tunda ka san kunyar ɗan fari da ta surukai tun kana yaro, amma "kowa ya sani" ba hujja ba ce a rubutun ilimi. Sai da na je wajen malaman Hausa aka nuna mini laccar Kirk-Greene ta 1974 a kan mutumin kirki, inda ya lissafa kunya cikin siffofinsa, da ƙamus ɗin Bargery na 1934. Kalmar Hausa a cikin rubutun Ingilishi ana karkata ta, a bayyana ma'anarta sau ɗaya a farkon zuwanta, daga nan a ci gaba da amfani da ita.

Babi na biyar shafi uku ne ko huɗu: me aka gano game da kowane maƙasudi, ba sabuwar hujja, ba kuma shawarwari ga gwamnati. Tsakure shi ake rubutawa a ƙarshe duk da yana gaba, sakin layi ɗaya da bai wuce kalma 250 ba.

Tsarin manazarta a wurinmu MLA ne, bugu na tara na 2021. A tambaya tun farko, domin tsofaffin kundaye da yawa suna kan bugu na bakwai, wanda ke sa garin da aka buga littafi, abin da aka daina tilastawa tun bugu na takwas a 2016. A cikin rubutu ana sa sunan ƙarshe na marubuci da lambar shafi a cikin baka, ba waƙafi a tsakaninsu, ba shekara. Maganar zube da ta wuce layi huɗu ana ware ta a matsar da ita ciki rabin inci, ba alamar zance, waƙa kuwa idan ta wuce layi uku. Sunan littafi a karkace, taken maƙala cikin alamar zance. Jerin ƙarshe bisa tsarin abacada, kuma duk sunan da ke ciki dole ya bayyana a cikin kundin, duk wanda ke cikin kundin ya bayyana a jerin. Na ɗauki yini guda da fensir ina bin su ɗaya bayan ɗaya, na kama uku da suka ɓace. Wanda ya nemi taimakon manhajojin ƙirƙirarriyar basira ya sani suna iya ƙago sunan maƙala da mujalla da ba su taɓa wanzuwa ba, don haka abin da idonka bai gani ba kada ya shiga jerin.

Wanda zai iya buga aikinsa da kansa ya yi, ko da aron kwamfuta ne. Mai buga takardu a shago sauri yake yi, bai san Nnaemeka ba, zai mayar da sunan abin da ya ga dama. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce takarda A4, rubutu Times New Roman mai girma 12, tazara biyu tsakanin layuka, gefen hagu inci ɗaya da rabi saboda ɗauri, sauran inci ɗaya. Shafukan farko, wato take, bayanin mallaka, tabbatarwa, sadaukarwa, godiya, ƙunshiya da tsakure, lambar Romawa suke ɗauka, babi na ɗaya ya fara da 1. Ana yin haka a Word ta hanyar raba fayil ɗin sashe biyu a cire haɗin lambobinsu. Filashina ta kwashi bairos a wani shago a Samaru, fayiloli suka koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Abin da ya cece ni shi ne duk daren da na yi aiki nakan tura wa kaina kwafi ta imel. Kafin a kai bugu a mayar da fayil PDF, in ba haka ba kwamfutar shago za ta gusar da shafuka, ƙunshiya ta daina dacewa da abin da ke ciki.

Kafin kare kundi an sa mu kai fayil a duba kamanceceniya da Turnitin, iyakar da aka ba mu kashi 25 cikin ɗari. Nawa ya fito 31, gabana ya faɗi. Da aka duba rahoton sai aka ga ba a ware maganganun da ke cikin alamar zance da jerin manazarta ba, abin da ke da yawa a kowane aikin adabi. Da aka ware ya sauko 14. A roƙi mai dubawar ya nuna rahoton gaba ɗaya, kada a tsaya a lambar. Sauya kalmomin wani ba tare da ambatonsa ba shi ma satar fasaha ne, ko na'ura ta kama ko ba ta kama ba. Tsofaffin kwafe masu jan biron Malama na adana su duka, su ne shaidar cewa aikin a hannuna ya girma.

Mako guda kafin ranar karewa na miƙa kwafi uku masu ɗaurin roba. Ranar kuwa tun ƙarfe takwas muka hallara, ba a kira ni ba sai bayan azahar. Malamai uku ne, minti biyar na bayani, kamar goma na tambayoyi. Hannuna na rawa har na gama faɗin take, daga nan ya lafa. An tambaye ni me ya sa wannan ra'i ba wani ba, me na gano da ba a faɗa ba, sannan ɗaya ya ce in buɗe littafin in nuna masa inda kunya ta zame wa mace garkuwa. Na zo da littattafan biyu da 'yan takardu a maƙale a shafukan, na buɗe na karanta. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ke tona asirin wanda ya sayi kundi, domin wanda ya shiga kafin ni an tambaye shi sunan ƙawar tauraruwar littafinsa ya yi shiru. Idan an kawo gyara, a rubuta a ce an gode, ba wurin jayayya ba ne sai in an nemi ka kare matsayinka. An ba ni gyara bakwai da mako ɗaya.

Bayan Malama ta ga gyaran ta ce a ɗaure, sai na koma shago. Kundina shafi 62 ne. Bugun asali naira 50 kowane shafi, ya kama 3,100. Hoton kwafi uku a naira 20 ya kama 3,720. Ɗauri mai kauri 2,500 kowanne, huɗu 10,000. Kafin nan kwafe ukun karewa da ɗaurinsu sun ci 5,220, babukan da na riƙa kaiwa gyara kimanin 6,500, littattafan biyu 5,000. Jimla ta haura 33,000, ban da data da kuɗin mota, kuma farashin takarda ya tashi tun lokacin. Launin bango sashe ne ke faɗa, kada mai shago ya zaɓa maka. Kafin ya buga rubutun zinare a bango, a sa ya rubuta a takarda ka karanta harafi da harafi. Ni ban yi ba, aka juya lambobi biyu a lambar rajistata a kwafi ɗaya, sai da na sake biyan 2,500, na ƙara kwana biyu.

Da zan sake, da na raba watannin nan daban. Na kashe kusan rabinsu a babi na ɗaya da na biyu, na bar wa babukan nazari mako shida, alhali su ne suka fi nauyi a maki kuma su aka fi tambaya a kai. Da tun hutun ƙarshen aji uku na karanta littattafai huɗu ko biyar da littafin ajiye bayanai a gefe, in shigo aji huɗu da tambaya a hannu. Kuɗin ɗauri kuma a ware shi tun farkon zango na biyu, domin yana faɗowa ne daidai lokacin da aljihu ya bushe.

Sa hannu yana da jeri: kai a shafin bayanin mallaka, sai mai dubawa, sai shugaban sashe, kuma a kowane kwafi da biro, ba a karɓar hoton sa hannu. Na Malama na samu rana ɗaya. Na shugaban sashe sai da na bar kundayen wajen sakatariya na dawo bayan kwana uku. Gurbin mai jarrabawa na waje a bar shi fili, sashe ne ke kai masa idan ya zo. An karɓi kwafi biyu a ofis tare da fayil ɗin PDF, na kai wa Malama ɗaya, na riƙe ɗaya. Akwai littafin da ake sa hannu a ofishin cewa an miƙa, da kwanan wata. Na ɗauki hoton layin sunana da waya kafin in fita, kuma shi na nuna bayan wata biyu lokacin kiliyarans, da aka tambaye ni shaidar miƙa kundi.